Wa Ke Gudu da Agogon Baba

Tun tana ƙarama ake ce mata Sifeto, kuma babanta da ya laƙaba mata sunan bai zalunce ta ba. Yarinyar da in an ce kyanwa ce ta shanye madara sai ta je ta shinshina bakin kyanwar, ta dawo ta bi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, me za ka kira ta? Ta girma, ta yi aure, ta sami aiki a wani babban kemis, amma hali zanen dutse. In ka miƙa mata takardar likita a kan kanta, sai ta dubi takardar, ta dube ka, ta sake duban takardar, har kai da ka zo da ciwonka na gaskiya ka fara tsarguwa.

To, ranar da likita ya ce jinin Baba ya hau, teɓarsa kuma ta wuce gona da iri, dole ya riƙa motsa jiki kullum in yana so ya ga auren jikokinsa, Sifeto ba ta ɓata bakinta wajen roƙo ba. Ta san ubanta sarai. Shagon kayan famfo gare shi, kuma mutum ne da in ka zo sayen kan famfo, da leɓe zai nuna maka inda yake, ya ce ka miƙa hannu ka ɗauko. Sai kawai ta sayo masa agogon nan na masu gudu, baƙi mai maɗaurin roba, irin wanda ake sa wa layi kamar waya, ta haɗa shi da wata manhaja a wayarta.

"Wannan," ta ce tana ɗaura masa a falo, "shi zai riƙa gaya mini inda ka bi, da saurin da ka yi, da yadda zuciyarka ta buga. Ba sai na tambaye ka ba."

"Wato ɗan sanda kika ɗaura mini a hannu."

"Ɗan sanda ai ana ba shi haƙuri, Baba. Wannan ba ya jin magana."

Mama tana bakin ƙofar kicin tana goge hannu da tsumma. Ta yi dariya ta ce, "Allah ya ƙara, Baban yara. Ni na yi ta faɗa shekara da shekaru, ka mai da ni rediyo."

Makonnin farko abin ba daɗin gani. Da safe Sifeto za ta buɗe manhajar, ta ga jan layi a kan taswira ya fito daga ƙofar gida, ya kai kwanar layinsu, ya juyo. Wata rana ma ko layin babu. Ba ta zagin uba, Allah ya tsare, amma tana da wata irin gaisuwa da ta fi zagi ciwo. "Baba, ina kwana? Na ga agogo jiya ya huta, yau ma ya huta. A gaishe mini da shi, Allah ya ba shi lafiya." Baba ya ce gwiwa ce, gobe ya ce ruwa aka yi, jibi ya ce cajin agogon ne ya ƙare. Rannan dai zuciya ta ɗebe ta, ta fara faɗa a waya, faɗan ya rikiɗe ya zama kuka. Ta ce ita a kemis take, kullum tana ganin 'ya'yan mutane suna zuwa sayen magani wa iyayen da ɓarin jikinsu ya shanye, ba ta so ta zama ɗaya daga cikinsu. Baba ya ce ya ji.

Daga ranar abu ya sauya. Jan layin ya wuce kwana, ya shiga filin ƙwallon wata makaranta da ke bayan layinsu, ya fara zagaye. Da fari tafiya ce, a hankali. Bayan 'yan makonni ta zama sassarfa, a yi kaɗan a huta. Kafin wata uku manhajar ta fara aiko mata da saƙon taya murna: yau an fi jiya nisa, wannan makon an fi na baya sauri. Ta koyi karanta abin kamar yadda take karanta rubutun likitoci. Ta san inda mai gudun ke farawa da sanyi don jiki ya ɗumama, ta san inda yake ƙara wuta, ta san yadda bugun zuciya ke hawa ya sauko in an tsaya. Har shawara take aika wa Baba, ya rage sauri a zagayen farko, ya bar ƙarfinsa sai na ƙarshe, washegari kuwa ta ga an bi shawarar tsaf. Ta yi ta nuna wa abokan aikinta, bakinta har kunne.

Wata ranar hutu ta kai musu ziyara. Baba ya taso daga kujera zai karɓi jikarsa, sai da ya dafa hannun kujerar, ya yi nishi, sannan ya miƙe. Sifeto ta dubi teɓar. Tana nan daram, ko gezau, maɓallin rigar ma kamar ya yi magana. Mutumin da ke zagaye fili kusan kilomita biyar kowace safiya, shi ne matakala uku na ƙofar falo ke sa shi haki? Ta yi shiru, amma idonta bai yi shiru ba. Da ya tuɓe agogon zai yi alwala, ta ɗauka ta juya shi. Maɗaurin yana da huda jere, kuma roba ba ta ɓoye inda ake yawan ɗaure ta. Wuri biyu ne suka lanƙwashe. Ɗaya can ƙarshe, daidai kaurin hannun Baba. Ɗayan kuwa can ciki, inda ko da man shafawa hannun Baba ba zai shiga ba.

"Ruwa ba ya tsami banza," ta ce wa maigidanta da ta koma gida. Malamin lissafi ne, mai sanyin hali, yana zaune yana duba takardun ɗalibai.

"Wataƙila a keke yake ɗaurawa, wani ya zaga da shi," ya ce bai ɗago ba.

"Malam, keke yana da zuciya ne? Bugun zuciya fa nake gani kullum. Mutum ne, mai siririn hannu."

"To ki bar dattijo ya sha iska mana."

"Iskar ce za ta sauke masa jini?"

Zarginta na farko ya sauka kan mai askin da ke jikin shagon Baba, amininsa tun suna samari, siriri kamar tsinken tsintsiya. Ta je ta gaishe shi, wai wucewa take yi. Bawan Allah ya yi ta murna, ya taso zai ba ta kujera, sai ta ga yana jan ƙafa, ashe ciwon ƙugu ya sa shi gaba tun bara. Ta fito da kunya, amma ba ta fasa ba. Ta tsaya shagon Baba, ta bi hannun duk wanda ya shigo da kallo, har wani mai gyaran famfo ya duba hannunsa ko wani abu ne ya maƙale masa.

Da ta rasa madafa sai ta nufi Mama. Ta same ta a kicin tana yanka albasa, ta jawo ƙofa ta rufe.

"Mama, tsakaninki da Allah, Baba yana zuwa filin nan?"

"Kullum. Tare muke fita bayan asuba, ni nake riƙe masa gorar ruwa."

"Kuma yana gudu?"

Mama ta share ido da bayan hannu, ta ce albasar nan akwai yaji. "Ke dai ba kya gajiya da bincike. Yana yi mana. Teɓar da aka yi shekara talatin ana tarawa, a wata uku kike so ta zube? Miƙo mini murfin can."

Sifeto ta miƙa. Ta lura Mama ta ɗan faɗa, wuyanta ya fito, zoben hannunta yana juyawa. Ta ce a ranta, damuwar ciwon Baba ce ke cin baiwar Allah, ta ƙudura za ta kawo mata maganin ƙarin jini. Maganar uwa kuwa ba abin wasa ba ce. Ta koma gida rabin zuciyarta ta yarda, rabi tana nan tana ƙunƙuni.

Ana cikin haka saƙon ya shigo. Tana bayan kanta tana ƙirga wa wata tsohuwa ƙwayoyi, wayar ta yi ƙugi a aljihun farar rigarta. Wannan karon ba taya murna ba ce. Rubutu ne a cikin jan akwati, wai an ga bugun zuciya yana tsalle ba bisa ƙa'ida ba, a nemi likita. Ta buɗe zanen bugun, ta ga wajen ƙarshen gudun layin ya cilla sama kamar an tsikare shi, ya faɗo, ya sake cillawa. Ta ce ko agogon ne ya saki a hannu. Bayan kwana biyu saƙon ya sake shigowa, sannan ya koma kusan kullum. Duk zancen huda da siririn hannu ya fice mata daga kai, tsoro ya maye gurbinsa. In fa Baba ne da gaske? In ita ce da bakinta ta tura ubanta ya je ya faɗi a fili?

A gidansu ba a gaya wa mutum mugun labarin jikinsa kai tsaye. Haka suka taso. Lokacin da kakarsu ta kwanta ciwon ajali, har ta cika ana ce mata ciwon shawara ne kawai. Saboda haka Sifeto ba ta ce wa Baba komai ba, ba ta ce wa Mama ba. Ta ce masa kawai lokacin awo ne ya zagayo, ta sa shi a mota sai wajen likitan zuciya.

Aka manna masa wayoyi a ƙirji yana kwance, takarda ta fito, likitan ya duba ya ce lafiya lau. Sifeto ta ja shi gefe ta nuna masa wayarta. Dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya daɗe yana jan zanen da yatsa, sannan ya ce tunda a gudu abin ke tasowa, to a sa shi gudun a gani. Suka kai Baba wani ɗaki mai na'ura da bel ɗinta ke tafiya a ƙarƙashin ƙafa. Wayyo, abin tausayi, abin dariya. Ko sassarfa ba a kai ba Baba ya rungume ƙarfen riƙo, gumi ya wanke shi, yana kiran a kashe, a kashe, don girman Allah. Ma'aikaciyar jinya ta zaunar da shi tana yi masa fifita da fayil.

Likitan ya kira Sifeto ofis ya rufe ƙofa.

"Zuciyar babanki ba ta da wannan matsalar," ya ce. "Rashin motsi ne kawai ke damunta. Amma wanda ya yi gudun da ke cikin wayarki ba shi ne wanda ya hau na'urata yanzu ba. Kin san da haka?"

"Na yi zargi."

"Agogo yana kuskure, sau ɗaya ko sau biyu. Amma kullum, kuma daidai lokacin da mutum ya gaji, wannan ba na ce kuskure ba ne. Ban san ko wane ne ba, ba kuma zan yanke hukunci a kan wanda ban gani ba. Ki nemo shi ki kawo mini. Kafin nan kada ya sake gudu."

A mota Baba ne ya fara kare kansa tun ba a tambaye shi ba. Ya ce wannan na'ura ai ba gudu ba ce, ƙasa na tafiya mutum na tsaye, dole kai ya juya. Ya ce ga shi bai karya ba, ga sanyin ɗakin. Sifeto tana riƙe da sitiyari, ranta na tafasa. Wato wata uku ana raina mata hankali. Ita tana can tana yawo da waya tana nuna wa mutane, shi yana nan ya ɗauko wani ɗan mutane yana yi masa gudu. Abin da ya fi ƙona mata rai ma Mama ce, da ta dubi tsabar idonta ta ce yana yi. Amma ta haɗiye, ta ce, "Haka ne, Baba, na'urar ba ta da daɗi." Ta sauke shi a ƙofar gida da agogonsa a hannu.

Nan fa ta yi kuskure, kuma maigidanta ya faɗa mata.

"Ki kira shi yanzu ki gaya masa abin da likita ya ce. Ran mutum ne fa."

"In na gaya masa, zai je ya raɗa wa mutumin a ɓoye, mutumin ya tsorata ya ɓace, shi ke nan babu asibiti babu bayani. Ni kuma a ce mini ba a taɓa yin haka ba. Na san su, Malam. Gobe zan je filin, in gan shi da idona, in gaya masa da bakina."

"Kuma sai ya fara gudun kafin ki gane shi."

"Zagaye ɗaya kawai. Sai wajen ƙarshe abin ke tasowa."

Maganarta da ƙamshin gaskiya, amma ba ita kaɗai ba ce a ciki. Tana so ta kama su dumu-dumu, ta ga abin da Baba zai ce, ta ga ta ina Mama za ta ɓullo.

Gari ya fara wayewa ta ajiye motar nesa da ƙofar makarantar, ta shiga da ƙafa, ta laɓe a jikin wani aji. Filin ya fi yadda ta zata cika. Ga samari suna miƙe jijiya a gindin raga, ga wasu dattawa biyu suna tafiya suna hira, ga mata nan jefi-jefi. Can kuwa a kan benci ƙarƙashin bishiya, ga Baba, ya miƙe ƙafa, rediyo a cinya, gorar ruwa a gefe, hannunsa fayau babu agogo. Ta gyaɗa kai. Rana dubu ta ɓarawo. Ta duba ko'ina kusa da bencin ba ta ga Mama ba, sai silifas ɗinta a ajiye a gindin ƙafarsa, ta ce wataƙila ta zaga bayan aji.

Ta buɗe manhajar. Ɗigon yana motsi, kuma ba zagayen farko ba ne, yau sun yi sammako, an riga an yi nisa. Ta ɗaga kai ta fara gwadawa. Wani dogon saurayi mai jar riga ya wuce, ta duba, ɗigon na can ɗaya gefen. Wani gajere mai hula ya wuce, ba shi ba ne. Ɗigon ya karyo kwana ta bayan raga, ya miƙo layin da ke gabanta. Mutum ɗaya ne a wannan layin. Mace ce, ta ɗaure hijabinta a ƙugu, da dogon wando a ciki da farin kambas, tana gudu ƙafa na taɓa ƙasa a hankali, kafaɗa a sake, kai a miƙe. Sifeto ta dubi waya, ta dubi matar, ta sake duban waya. Yadda matar ke karkatar da kai hagu in tana sauri, ai shi ne yadda take yi in ta jiyo tukunya na ƙonewa.

Mama ce. Innalillahi, Mama ce.

Uwarta ta wuce ta gabanta ba ta gan ta ba, fuska sharkaf da gumi, tana murmushi ita kaɗai. Sifeto ta girma a gaban matar nan, ta ga dariyarta ta biki da ta baƙi da ta jikoki, amma wannan fuskar ba ta taɓa gani ba. Kafin ta dawo hayyacinta Mama ta yi nisa. Sai wayar ta yi ƙugi a hannunta, jan akwatin ya fito. A daidai lokacin ta hango Mama ta dubi hannunta, ta ɗaga shi sama ta nuna wa Baba. Baba ya ajiye rediyo ya hau tafi.

"Ya sake yabawa!" ya ɗaga murya. "Maman yara, a gaishe ki! Saura biyu!"

Sifeto ba ta san lokacin da ta iso bencin ba. Baba ya ɗago ya gan ta, tafin ya mutu a hannunsa.

"Sifeto. Af. To. Zauna in yi miki bayani."

"Baba..."

"Ni na yi laifi, kada ki ga nata. Ranar da kika yi kukan nan ne. Na zo filin nan na gwada, wallahi na gwada, yara suna kallona ina haki kamar tsohon injin niƙa. Ta ce in kawo agogon ta ɗan zaga da shi don hankalinki ya kwanta, kafin gwiwata ta warware. To sai abin ya shige ta. Ashe tana makaranta ita ke yi wa ajinsu gudu, ni ban taɓa sani ba sai bana. Ki ga yadda take yi! In kin aiko da shawara ni nake karanta mata. Ta ce in kika sani za ki karɓe ki mayar hannuna, shi ya sa..."

"Baba, me ka ce agogon ya yi yanzu?"

"Yabo. In ta yi ƙoƙari sosai sai ya yi ƙugi a hannunta. Ita ta gaya mini. Kwanan nan kullum sai ya yi."

Ta miƙa masa wayar. Babu sauran wata dabara, babu lokacin zagaye-zagaye irin na gidansu.

"Ba yabo ba ne. Gargaɗi ne. Zuciyar mai sanye da shi ce ke tsalle. Don shi na kai ka asibiti jiya, na zata kai ne. Likita ya ce ko wane ne kada ya sake gudu sai an duba shi."

Baba ya dubi jan akwatin. Ya dube ta.

"Tun jiya kika sani?"

Bai jira amsarta ba.

Ya miƙe, rediyon ya faɗi ƙasa. Bai dafa komai ba. Ya yanki tsakiyar filin a guje, riga na kaɗawa, takalmi ɗaya ya fice bai waiwaya ba, yana ɗaga hannu biyu yana kira, "Tsaya! Maman yara, tsaya! Don Allah ki tsaya!" Samarin suka dakata suna kallo. Sifeto ta bi bayansa tana kuka.

Mama ta ja ta tsaya a bakin raga. Ta dubi mijinta da ya iso ya durƙushe yana neman numfashi, ta dubi 'yarta da waya a hannu. Ba ta tambayi komai ba. Ta sa hannun dama ta rufe agogon, ta jingina da ƙarfen ragar, ƙirjinta na hawa da sauka.

"Mama, zauna. Zauna ƙasa, don Allah. Kina jin jiri? Ƙirjinki na ciwo?"

"Yana ɗan fizga ne, sai ya bari. In na tsaya yana bari."

"Kin san abin da yake rubutawa?"

"Ni na koya miki karatu, 'yar nan."

Baba ya ɗago daga durƙuson. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Kika ce mini yabo ne. Kika bar ni ina tafi."

"To me zan ce maka? In na faɗa, kai za ka gaya mata, ita za ta kai ni asibiti, su kuma su ce in zauna. Na zauna shekara nawa? Abu ɗaya na samu da yake nawa ni kaɗai, ba na miji ba, ba na 'ya'ya ba. In na fito nan da safe ba wanda ke kirana in miƙo masa wani abu." Ta goge fuska da gefen hijabi. "Na ji tsoro, kada ku zata ban ji ba. Kullum sai in ce yau ne na ƙarshe, gobe zan faɗa."

Sifeto ta kama hannun uwarta, ta ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannun. Bugun yana sauri, ya yi kamar ya tsaya, ya sake ɗauka. Duk maganganun da ta kwana tana shiryawa babu ko ɗaya da ta rage mata. Kunya da tsoro ne kawai suka cika ta, ga tausayin matar nan kamar ya kashe ta.

"Yanzu za mu tafi, Mama. Mota na waje. Likitan yana jira."

Mama ta gyaɗa kai. Da numfashinta ya daidaita, sai ta dubi 'yarta.

"Ke da kike cikinsu, gaya mini. Zai ce in daina?"

"Ban sani ba, Mama. Wataƙila magani ne kawai. Wataƙila ya ce a rage. Wallahi ban sani ba."

Mama ta dubi ragowar layin da ke gabanta, wanda ya zaga ta bayan benci ya ɓulle ƙofar makarantar. Ta tsakiyar fili ya fi kusa, kowa ya ga haka.

"To ku bar ni in ƙarasa wannan. Da tafiya, ba da gudu ba."

Sifeto ta buɗe baki za ta ce a'a. Baba ya girgiza mata kai. Ya miƙe da ƙyar, ya tsaya a daman matarsa, Sifeto ta koma hagu ta riƙe mata gwiwar hannu. Suka bi layin a hankali su uku, Baba da takalmi ɗaya a ƙafa. Da suka zo daidai benci ya sunkuya ya ɗauki silifas ɗinta ya riƙe a hannu, suka wuce zuwa ƙofa.